Kogon da Magani Ke Nema a Jikin Bairos

Da zarar hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe gari, shagon mai kemis na unguwa ba ya rabuwa da jama'a. Ga mai tari, ga mai atishawa, ga uwa da goyo, jikin yaro zau da zazzaɓi. Kafin mai shago ya buɗe baki, mai saye ya riga ya rubuta wa kansa magani: a ba shi ja da yalo guda huɗu, ko Ampiclox kati ɗaya, a haɗa masa da Panadol. Ya sha na kwana biyu, murar ta lafa don kanta bayan mako, shi kuwa ya tafi da yaƙinin kafso ne ya tashe shi.

Kafson nan bai taɓa murar ba. An yi shi ne domin bakteriya, ita kuwa mura bairos ke kawo ta, kuma abin da kafson ke kamawa a jikin bakteriya babu shi sam a jikin bairos.

Irin wannan ruɗani ya fito fili a 2020. Da aka ji raɗe-raɗin cewa kulorokwin na maganin korona, sai jama'a suka yi masa rubdugu, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, har hukumomin lafiya a Legas suka ba da sanarwar an kwantar da mutane saboda sun sha ya wuce kima. Manyan gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna ba ya hana mutuwa daga cutar.

Amma kuma akwai magungunan bairos na gaskiya, waɗanda suka mayar da cutar ƙanjamau daga hukuncin kisa zuwa ciwon da ake rayuwa da shi har tsufa, suka kuma sa ciwon hanta nau'in C ya zama abin warkewa cikin wata uku. Me ya raba waɗannan da wancan? Amsar tana cikin siffa, siffar wani ɗan kogo da ba a iya gani ko da madubin likita na asibiti.

Abokin gaban da ke kwana a ɗakinka

Bakteriya halitta ce mai cin gashin kanta. Tana da bangonta, tana da kayan sarrafa abincinta, don haka wuraren da za a buge ta suna da yawa. Bairos ba haka yake ba. Ɗan ƙunshin bayanan gado ne a cikin kwanson furotin. Ba ya ci, ba ya numfashi, ba ya hayayyafa sai ya shiga ƙwayar jikin mutum ya karɓe kayan aikinta. Duk abin da ka harba masa, akwai fargabar ya sami mai gidan. Shi ya sa aka daɗe da samun fenisilin kafin a sami wani maganin bairos na kirki.

Sai dai bairos ba ya samun duk abin da yake buƙata a jikinmu. Akwai 'yan ayyukan da dole ya zo da ma'aikatansa, wato enzayim nasa na kansa: mai kwafe bayanan gado, mai yanka furotin, mai dasa bayanan a cikin namu, mai kwance shi daga ƙwayar da ya gama da ita. Waɗannan su ne lagonsa.

Enzayim furotin ne, furotin kuwa sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, iri ashirin. Sarƙar ba ta zama a miƙe. Tana naɗewa ta dunƙule ta ba da siffa mai tsawo da faɗi da zurfi, kuma kowane irin furotin da tasa siffar. A wani gefe na dunƙulen akwai kogo, inda abin da enzayim zai yi wa aiki ke shiga ya zauna. Bangon kogon ba sumul yake ba: nan akwai caji mai jan kishiyarsa, can akwai lungu mai maiƙo da ba ya shiri da ruwa, gaba kaɗan akwai wurin da ƙwayar haidirojin ke ƙulla zumunci.

A 1894 masanin sinadarai na Jamus, Emil Fischer, ya kwatanta abin da kwado da makulli. A 1958 Daniel Koshland na Amurka ya gyara kwatancen, ya ce wannan kwadon yana motsi, yana matse jikinsa ya rungumi abin da ya shige shi. Aikin mai ƙera magani shi ne ya yanko makullin da zai shiga ya cika kowane lungu, ya ƙi juyawa, ya kuma ƙi fita, ta yadda na ainihin ba zai sami wuri ba. Kuma kada ya dace da ko ɗaya daga cikin dubban enzayim na jikin mai shan maganin.

Ganin abin da ido ba ya kaiwa

Tazarar da ke tsakanin atam da atam a cikin furotin ba ta wuce kashi ɗaya ko biyu cikin miliyan goma na milimita ba. Hasken rana ya yi kauri da yawa a kan wannan. Dabarar da ta ci gari ita ce a tace furotin, a lallaɓa shi ya daskare ya zama kiristal mai tsari irin na gishiri, a haska shi da hasken eksire, sannan a lissafa matsayin kowane atam daga ɗigo-ɗigon da hasken ya bari bayan ya warwatse.

A faɗe abin da sauƙi. John Kendrew ya fitar da siffar furotin ta farko a Kambirij a 1958, David Phillips ya fitar da ta enzayim ta farko a Landan a 1965, kuma kowace ta ci shekaru. Mafi wuya shi ne samun kiristal ɗin. Akwai furotin da masana suka shafe rabin rayuwarsu suna rarrashi bai daskare ba.

A 1971 aka buɗe rumbun ajiyar waɗannan siffofi na duniya da guda bakwai kacal. Yau sun haura dubu 200, kuma duk mai intanet zai iya saukar da su kyauta ya jujjuya a kwamfutarsa. An kuma sami sabuwar hanya ta daskarar da furotin a ƙanƙara a ɗauki hotonsa da madubin lantarki, wadda ta ci kyautar Nobel a 2017.

Gurbin da aka gano babu kowa

Labarin da ya fi nuna yadda abin ke gudana ya faru ne a Ostireliya. Bairos ɗin mura mai tsanani yana da wani enzayim a bayansa, nuraminides. Idan sababbin 'ya'yan bairos suka fito daga ƙwayar da suka cinye, sukan maƙale a jikinta ta hanyar wani sinadari mai dangin sukari. Nuraminides ne ke tsinke wannan igiya su watsu. Idan aka toshe shi, sai su cunkushe wuri ɗaya.

A 1983 Peter Colman da Jose Varghese da Graeme Laver suka fitar da siffarsa. Laver mutum ne mai naci, har tsibiran gaɓar Ostireliya ya riƙa zuwa yana ɗibar bairos daga jikin tsuntsayen teku, kuma wani nau'in da ya samo a can ya ba da kiristal mai kyau. Abin da suka gani ya ba su ƙarfin gwiwa: bairos ɗin yana sauya kamanninsa na waje kowace shekara, amma cikin kogon bai cika sauyawa ba, domin in ya sauya aiki ya tsaya.

Daga nan Mark von Itzstein da abokan aikinsa a Melbon suka ɗauki wani tsohon sinadari da aka san yana kama enzayim ɗin sako-sako, suka sa shi cikin kogon a kwamfuta, suka duba ina ya cika, ina ya bari. Sai ga wani gurbi a ƙasan kogon babu kowa a ciki, kuma amino asid biyu masu caji mara kyau sun sa shi a tsakiya. Suka cire wani ɗan reshe na sinadarin, suka dasa mai girma wanda ke ɗauke da caji mai kyau. Ƙarfin kamun ya ninka sau dubbai. An wallafa aikin a 1993, maganin kuma ya shiga kasuwa a 1999 da sunan Relenza.

Matsalarsa ɗaya, hanji ba ya tsotse shi, sai dai a shaƙa. Kamfanin Gilead na Amurka ya bi ta wata hanya, ya ƙera wanda ake haɗiya, wato oseltamivir, da Roche ke sayarwa da sunan Tamiflu. Shi yana da wata jela mai maiƙo, kuma kafin ta sami wurin zama sai wani amino asid na bangon kogon ya juya ya ba ta hanya.

Wannan juyin ne ya zama ƙofar ɓaraka. A farkon 2008 aka gano a Norwe cewa wani nau'in mura ya sauya amino asid ɗaya tak, a matsayi na 275. Sabon ya fi tsohon girma, ya tokare wancan ya hana shi juyawa, jelar ta rasa wurin shiga. Cikin shekara guda nau'in ya gama duniya, Tamiflu ya daina aiki a kansa. Relenza kuwa, da yake ya fi kama da abin da enzayim ɗin ya saba yanka kuma ba ya buƙatar juyin, ya ci gaba da aiki.

A lokacin ƙasashe masu kuɗi sun riga sun jibge Tamiflu na biliyoyin daloli saboda fargabar murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Afirka a wata gonar kaji a Jihar Kaduna a farkon 2006. Masu bitar bincike na ƙungiyar Cochrane sun yi ta fafatawa sai da suka karɓi cikakkun bayanan gwaji, kuma a 2014 suka ce maganin na rage wa baligi kwanakin ciwo da ƙasa da yini guda, ba su kuma ga ƙwaƙƙwarar hujjar yana rage kwanciya asibiti ba. Likitoci da dama sun ce a'a, ga masu tsananin ciwo yana taimakawa in an fara da wuri. Darasin da ɓangarorin biyu ba su musa ba shi ne, dacewa da kogo a ɗakin gwaji ba ta isa shaida ba, sai an gani a jikin majinyaci.

Marfi biyu da ɗigon ruwa

Inda wannan ilimi ya ceci rayuka mafi yawa shi ne a cutar ƙanjamau. Maganin farko, AZT, an amince da shi a 1987, kuma asalinsa tsohon sinadari ne da aka haɗa a 1964 don cutar daji bai yi aiki ba. Yana yaudarar enzayim mai kwafi ne: ya yi kama da tubalin gina bayanan gado, in aka ɗora shi sai ginin ya tsaya. Amma shi kaɗai ba ya jimawa bairos ke gano kansa.

Bairos ɗin ƙanjamau yana ƙera furotin ɗinsa a doguwar sarƙa ɗaya, sai wani enzayim, furotiyes, ya yayyanka ta gunduwa-gunduwa kafin kowace ta kama aikinta. In ba a yanka ba, 'ya'yan bairos za su fito amma ba su nuna ba, ba sa iya harbin kowa.

A 1989 masanan kamfanin Merck, da tawagar Alexander Wlodawer a cibiyar binciken cutar daji ta Amurka, suka fitar da siffarsa. Ɗan ƙarami ne, tagwayen sarƙa biyu iri ɗaya, kowace amino asid 99, sun rungumi juna sun bar rami a tsakani. A ƙasan ramin akwai amino asid biyu masu yin yankan, ɗaya daga kowace sarƙa. A sama akwai marfi biyu masu lanƙwasa, suna buɗewa sarƙar da za a yanka ta shiga, su rufe a kanta. Tsakanin marfin da abin da ya shiga akan sami ɗigon ruwa ƙwaya ɗaya tak yana riƙe da su.

Masu ƙera magani suka kwaikwayi ɗan yankin sarƙar da ake yankawa, a daidai siffar da yake ɗauka lokacin da yankan ke tsakiyar faruwa, domin a nan ne enzayim ya fi matse shi. Sai dai a inda ya kamata a sami gaɓa mai tsinkewa, suka sa wadda ba ta tsinkewa. Enzayim ya kama, marfi ya rufe, yanka ya gagara. An kuma zaɓi irin gaɓar da enzayim na jikin mutum ba su cika yankawa ba, don kada a yi ɓarin makauniya.

Cikin magungunan da aka ƙera don toshe wannan enzayim, saquinavir ya sami amincewa a Disamba 1995, ritonavir da indinavir a Maris 1996. A taron ƙanjamau na Bankuba ta Kanada a tsakiyar shekarar aka baje sakamakon haɗa magani uku. A 1997 mace-macen cutar a Amurka suka ragu da kusan rabi. Mutanen da suka riga suka yi wasiyya suka miƙe suka koma bakin aiki.

A Afirka, inda cutar ta fi ɓarna, sai da aka jira shekaru. Kuɗin maganin ya haura dala dubu 10 a shekara ga mutum ɗaya. Sai da kamfanonin Indiya suka karya farashi a farkon shekarun 2000, aka kafa Asusun Duniya a 2002 da shirin PEPFAR a 2003, sannan maganin ya fara isa asibitocinmu da yawa. Miliyoyin da suka rasu a tsakanin ba rashin ilimi ne ya kashe su ba, kuma wannan tabo ne da bai kamata a manta da shi ba.

Kuskure ɗaya cikin biliyoyi

A jikin wanda ba ya shan magani, bairos ɗin na iya haifar 'ya'ya kimanin biliyan goma a rana. Enzayim ɗinsa mai kwafi kuwa ba ya duba aikinsa, yana tafka kurakurai. Ma'ana, duk wani sauyin amino asid ɗaya da zai yiwu, yana faruwa kullum a wani lungu na jikin. Yawancinsu nakasassu ne. Amma in akwai wanda ya ɗan sauya bangon kogo ta yadda magani zai yi sako-sako, kuma maganin da ke jini bai kai yadda ya kamata ba, to shi ne zai gaji gidan.

Maganin nevirapine misali ne. A 1992 tawagar Thomas Steitz a jami'ar Yale ta nuna siffar enzayim mai kwafi, wadda masana suka raɗa wa sassanta sunayen yatsu da tafi da babban yatsa. Nevirapine ba ya shiga wurin aikin. Yana kutsawa ne cikin wani lungu a gefe, lungun da ba ya ma samuwa sai maganin ya buɗe shi, ya sandarar da enzayim ɗin. Da yake bairos ba ya buƙatar wannan lungu don rayuwa, yana iya sauya shi ba tare da asara ba. Sauyi ɗaya a matsayi na 103 ya isa ya kashe nevirapine da ɗan'uwansa efavirenz gaba ɗaya.

A nan yankinmu abin ya fi shafa. Nau'in HIV-2, wanda ake samu a Afirka ta Yamma, musamman Gini Bisau da Senegal, lungunsa daban yake tun asali, don haka wannan dangin magani ba ya kama shi. Haka yawancin rukunin O na Kamaru. Ko nau'ikan da suka fi yawa a Najeriya, G da CRF02_AG, ba su ne nau'in B na Amurka da Turai da aka fara zana magungunan a kansa ba, duk da cewa magungunan na aiki a kansu.

Masana suka koyi darasi. Arun Ghosh ya yi tunanin cewa rassan amino asid ne ke sauyawa, amma ƙashin bayan sarƙar ba ya iya gocewa ba tare da enzayim ya lalace ba. Sai ya ƙera sinadarin da ke riƙe ƙashin bayan furotiyes kansa. Shi ne darunavir na 2006, wanda sai sauye-sauye sun taru da yawa kafin ya saki.

Sai kuma integires, enzayim mai dasa bayanan bairos cikin namu. A wurin aikinsa akwai atam biyu na maganiziyam. Dolutegravir, da aka amince da shi a 2013, yana da atam uku na oksijin jere da juna masu cafke waɗannan ƙarafa biyu, ya kuma ture ƙarshen bayanan bairos daga inda ya kamata ya zauna. Tawagar Peter Cherepanov a Landan ce ta nuna yadda wannan dangin ke zama a 2010, ta amfani da enzayim na wani bairos mai dangantaka. A gwajin ɗakin bincike, dolutegravir kan yi kusan kwana uku a maƙale, alhali raltegravir da ya riga shi ba ya wuce sa'o'i tara.

Da bincike ya nuna cewa a ƙasashe da dama fiye da mutum ɗaya cikin goma na masu fara shan magani suna ɗauke da bairos da ya riga ya fi ƙarfin dangin nevirapine, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar komawa dolutegravir a 2019. Yarjejeniyar 2017 ta sauke farashin ƙwayar nan mai haɗin uku da ke ɗauke da dolutegravir, TLD, zuwa kimanin dala 75 a shekara. Ita ce yau mafi yawan masu karɓar magani a Najeriya ke sha, a ƙasar da ƙidayar 2018 ta kiyasta mutum kusan miliyan 1.9 na ɗauke da cutar.

Ga wani abu da ya kamata kowane mai sha ya sani, kuma kai tsaye daga siffar maganin ya fito. Hannun da ke cafke maganiziyam a jikin bairos ba ya bambance ƙarfe da ƙarfe. In mace mai ciki ta haɗiyi TLD tare da ƙwayar ƙarin jini ko ta ƙarin ƙarfin ƙashi a kan cikin da ba komai, ko mai gyambon ciki ya kora shi da farin ruwan maganin olsa, maganin zai cafke ƙarfen tun a hanji, kaɗan ne zai isa jini. Ƙa'idar ita ce a sha shi sa'a biyu kafin waɗannan, ko sa'a shida bayansu, kuma a gaya wa ma'aikacin asibiti duk abin da ake sha.

Haka batun tsallake kwana. Mai ɓoye kwalbarsa don kada kishiya ko abokan aiki su gani, mai rasa kuɗin mota zuwa asibiti, mai dainawa don an ce wani ya yi masa addu'a ya warke, duk suna barin maganin ya ragu a jini zuwa matakin da bai isa ya toshe dukkan koguna ba, amma ya isa ya zaɓi masu tsira. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya nuna juriya ga dolutegravir ta fara ɗagowa a wasu ƙasashe, musamman ga waɗanda suka daɗe suna fama da magani. Dakatar da tallafin Amurka a farkon 2025 ya ƙara tayar da hankalin ma'aikatan lafiya, domin yankewar magani na makonni ba ciwo kawai take dawo da shi ba, tana iya lalata maganin ga al'umma baki ɗaya. A ganina tsangwamar da muke yi wa masu cutar tana cikin manyan abubuwan da ke taya bairos ɗin aiki.

Korona: mako uku maimakon shekaru

An wallafa bayanan gadon bairos ɗin korona ranar 11 ga Janairu 2020. Kafin mako na farko na Fabrairu ya ƙare, tawagar Rao Zihe da Yang Haitao a Shanghai ta saka siffar babban enzayim ɗinsa mai yanka, Mpro, a rumbun duniya. Saurin bai faɗo daga sama ba. Su da Rolf Hilgenfeld na Jamus sun daɗe a kan danginsa tun ɓarkewar SARS ta 2003.

Mpro yana yanka sarƙar bairos a wurare goma sha ɗaya, kullum bayan amino asid mai suna gulutamin, kuma ba a san wani enzayim na mutum mai irin wannan zaɓi ba. Masanan Pfizer suka zaro wani sinadari da suka ajiye tun zamanin SARS, suka sake masa fasali don hanji ya iya tsotsa. Sabon sinadarin, nirmatrelvir, yana da zoben da ke kwaikwayon gulutamin, da kuma wani kai mai ƙulla gaɓar sinadari kai tsaye da atam ɗin farar wuta na amino asid na 145, wanda shi ne ke yin yankan.

Hanta na saurin narkar da shi, sai aka haɗa shi da ritonavir, tsohon maganin ƙanjamau, wanda aka gano yana toshe enzayim ɗin hanta mai wannan aiki. Haɗin shi ne Paxlovid, da aka ba izinin gaggawa a Disamba 2021. A gwajin farko ya rage kwanciya asibiti da mutuwa da kusan kashi 89 cikin ɗari ga masu haɗari da ba su yi rigakafi ba. Ga masu ƙoshin lafiya amfanin bai fito sosai ba. Kuma toshe hantar na sa wasu magungunan zuciya da na rage kitsen jini su taru a jiki, don haka ba abin saye a kemis ba ne.

Wa ke ƙera wa Lassa?

Kamfanoni na cewa ƙera magani ɗaya na cin shekara goma da ɗimbin kuɗi, kuma yawancin sinadaran da aka fara da su kan faɗi a hanya. Gaskiya ne. Masu fafutuka kuma na nuna sofosbuvir na ciwon hanta, wanda ya fito a 2013 a kan dala dubu 84 a Amurka, alhali da Masar ta sami rangwame ta kuma fara yin nata, ta yi wa miliyoyi magani a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wannan ma gaskiya ne. Abin da duka biyun ke nunawa shi ne, cutar da masu ita ba su da kuɗi ba ta cika samun mai duba kogonta ba.

An gano zazzaɓin Lassa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yau. Kowane rani yana dawowa, a Ondo da Edo da Bauchi da Taraba da sauransu, ɓera ke yaɗa shi ta fitsari da kashi a kan hatsi da abinci. Yana kashe kusan ɗaya cikin biyar ko shida na waɗanda aka tabbatar, har da likitoci da nas-nas, yana kuma kurmantar da da yawa daga waɗanda suka tashi. Maganin da ake ba su, ribavirin, ba don Lassa aka yi shi ba. Hujjar amfaninsa ta dogara ne a kan bincike ɗaya da aka yi a Saliyo aka wallafa a 1986, kuma masanan da suka sake bin diddigin bayanan sun nuna shakku mai ƙarfi a kansa.

Ba a ce ba a motsa ba. A 2017 tawagar Erica Ollmann Saphire a Kalifoniya ta fitar da siffar furotin da bairos ɗin ke shiga ƙwayar jiki da shi, bayan kusan shekara goma ana fama. A 2020 masana a Sin suka fitar da siffar babban enzayim ɗinsa mai kwafi. Asibitin ƙwararru na Irrua da cibiyar lafiya ta Owo sun shiga gwajin wani magani mai suna favipiravir, kuma cibiyar Christian Happi a Ede ta ƙware a karanta bayanan gadon bairos ɗin.

Giɓin yana tsakanin karanta bayanai da ƙera sinadari. Duk faɗin Afirka babu katafaren injin hasken eksire irin wanda ake auna kiristal da shi, na kusa shi ne SESAME da aka buɗe a Jodan a 2017. Cibiyar H3D ta Kelly Chibale a jami'ar Kef Tawun ta nuna ana iya ƙera magani tun daga tushe a nahiyar, amma irinta ba su da yawa.

Manhajar AlphaFold, wadda masu ita suka ci Nobel a 2024, ta buɗe wata ƙofa: tana hasashen siffar furotin daga jerin amino asid, kuma siffofi sama da miliyan 200 na nan kyauta. Ɗaliban sinadarai a jami'o'inmu sun rungumi gwada sinadaran itatuwan gida a kan waɗannan siffofi a kwamfuta, kuma takardun da ake wallafawa a kai sun yi yawa. Abin a yaba ne, sai dai mafi yawansu a nan suke tsayawa. Makin da kwamfuta ta bayar hasashe ne, yakan yi kuskure sosai, kuma bai halatta wa kowa ya shiga rediyo ya ce ya gano magani ba.

Mataki na gaba shi ne a tace enzayim ɗin a kwalba, a zuba masa sinadarin, a auna ko aikinsa ya tsaya, sannan a gwada a ƙwayoyin jiki a ɗakin gwaji mai tsaro. Wannan na buƙatar firji da ba ya ɗaukewa, da sinadaran da za su iso ba su lalace a tashar jiragen ruwa ba, da kuɗin bincike na shekara biyar maimakon na wata shida. Asusun TETFund da gwamnatocin jihohin da Lassa ke yi wa ɓarna kowace shekara suna da halin ɗaukar nauyin ɗaki ɗaya ko biyu irin wannan, a haɗa su da asibitocin da ke karɓar majinyatan.